Idan Wutar Zuciya Ta Katse Bayan Canjin Bawul: Abin da Za Ka Tambaya Kafin a Sa Batir

Sana'ata wayarin. Fiye da shekara ashirin ina hawa silin gidajen mutane a Kano ina jan waya, shi ya sa ranar da likita ya juya bayan takardar magani ya zana mini zuciyar Yayana, ya ce wutar sama ba ta sauka ƙasa, ban sha wuyar ganewa ba. Shawara ce ta ba ni wuya. Muna ƙasar mutane, guzuri ya ja baya, matar Yaya tana bugo waya daga gida kusan kowace sa'a, ga shi ana so mu zaɓi abin da zai zauna a ƙirjinsa iya rayuwarsa.

Yaya ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ciwon maƙogwaron yarinta da ba a kula da shi ba ne ya cinye masa bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, abin nan da likitoci ke kira ciwon zuciya na rumatik, wanda ya yi yawa a wajenmu. Yana da shekara 51 aka cire bawul ɗin aka sa na ƙarfe a wani asibiti a kudancin Indiya. Aiki ya yi kyau. A kwana na uku aka fara maganar batir, wato 'yar na'urar da ake dasawa a ƙirji ta riƙa kunna bugun zuciya. Ni mai jinya ne ba likita ba, kuma maganar ƙarshe tana wajen likitan da ke riƙe da fayil ɗin mara lafiyarka. Amma da wani ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayanin tun a gida, da ban kwana a zaune a barandar asibitin nan ba.

Ka fara sanin wayarin ɗin

Zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Na ƙasan ke aikin ƙarfi, na dama ya tura jini huhu, na hagu ya tura shi ga sauran jiki. Tashar wutar tana saman ɗakin dama na sama, tana kunnawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Daga nan wutar ta gangaro wata mahaɗa a tsakiyar zuciya, ta ɗan dakata don ɗakunan ƙasa su cika, sannan ta shiga babban layi guda ɗaya wanda ake kira layin His, da sunan likitan da ya bayyana shi a 1893, Wilhelm His. Layin nan ya shiga bangon da ya raba ɗakunan ƙasa, ya rabu biyu, reshen dama da reshen hagu, kowanne ya watsu cikin ƙananan wayoyi har lungu-lungu. Cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa wuta ta game ɗakunan ƙasa duka, su matse tare.

Ga inda gizo ke saƙar. Layin His yana wucewa ne milimita kaɗan a ƙarƙashin bawul ɗin babbar jijiya. Likitan fiɗa yana kankare ƙwanƙwararren tsohon bawul, yana ɗinka sabo a wurin, kamar mai gini ne da ke fasa bango daidai inda waya ta bi a ɓoye. Komai ƙwarewarsa, wani lokaci zare zai kama layin, ko kumburi ya danne shi. Haka ma sabuwar hanyar da ba a buɗe ƙirji, wadda ake kira TAVI, wadda Alain Cribier ya fara yi a birnin Rouen na Faransa a 2002: ana zura bawul ta jijiyar cinya a buɗe shi a cikin tsohon, ƙarfen ya tokare bango, layin kuwa yana bayan bangon. Masu buƙatar batir bayan TAVI sun fi na aikin buɗe ƙirji yawa.

Saboda haka tambayar farko tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake yin ta. Ka karɓi takardar ECG, wato gwajin wutar zuciya, ta kafin aiki ka ajiye, ka tambayi likita ko akwai reshen da ya riga ya toshe. Wanda reshensa na dama ya toshe tun asali shi ya fi kowa haɗari, don reshen hagu kaɗai ke riƙe da shi, kuma shi ne mafi kusa da wurin aiki. Idan haka ne, ka sa kuɗin batir cikin lissafinka tun daga gida. Mu ba mu sa ba, sai da aka sayar da fili.

Kwanakin jira

Bayan aikin buɗe ƙirji za ka ga siraran wayoyi sun fito ta saman cikin mara lafiya, an jona su da wani akwati kamar ƙaramar rediyo a gefen gado. Batirin wucin gadi ke nan. Kowace safiya likita zai rage gudun akwatin ya ga ko zuciya ta karɓi aikinta. Na tsaya na gani da idona. Ya murɗa daga 80 zuwa 60, zuwa 40, lambar da ke allo tana bin sa kamar tunkiya, sai ta tsaya a 34. Yaya ya lumshe ido ya ce, "Kai, ce masa ya mayar, ina ganin duhu." Wannan 34 ɗin ƙaramin janaretan da Allah Ya ajiye a ɗakunan ƙasa ne. Zai riƙe rai na ɗan lokaci, amma ba abin dogaro ba ne, yana iya mutuwa ba sallama.

A nan kada ka matsa a yi gaggawa, kada kuma ka matsa a sallame ku. Sau da yawa kumburi ne, idan ya saɓe wuta ta dawo da kanta. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2021 ta ce bayan aikin buɗe ƙirji a sa ido aƙalla kwana 5, sai dai idan toshewar ta cika kuma janaretan ƙasan ba ya ja, to ana iya rage jiran. Bayan TAVI kuwa, idan cikakkiyar toshewa ta zarce sa'a 24 zuwa 48, batir ya tabbata. Masu TAVI su ƙara kula da wani abu: toshewar takan iya zuwa bayan an koma gida, don haka jiri ko suma a makonnin farko ba abin shafa man zafi a kwanta ba ne.

Mu har kwana bakwai ba ta dawo ba.

Inda ake jona wayar

Mutane suna cewa "an sa masa batir" kamar abu ɗaya ne. Ni ma haka na ɗauka. Akwatin batirin kusan duk iri ɗaya ne, tun wanda aka fara dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson a Suwidin a 1958 ake gyara shi ana rage girmansa, mutumin kuwa ya rayu har 2001. Bambancin yana ga bakin wayar da ke shiga ɗakin ƙasa, a ina aka dasa ta.

Tsohuwar hanya, wadda aka shekara da shekaru ana bi kuma ta ceci rayuka ba adadi, ita ce a zura waya zuwa can ƙasan ɗakin dama a maƙala ta a tsoka. Aiki ne mai sauƙi da sauri, kowane likitan da ke sa batir ya iya shi. Matsalarsa ita ce wutar ba ta bin layin asali. Daga tsoka zuwa tsoka take rarrafawa, dama ta matse da wuri, hagu ya biyo a makare. Duk wanda ya taɓa jan wuta daga gidan maƙwabci da siririyar waya ya san abin da nake nufi: ƙwai zai kama, fanka za ta juya, amma injin firji yana nishi, kuma wata rana zai ƙone. Ko ka ce lugude ne aka samu ɗaya ta sake hannu, taɓare suna karo, ana gajiya gari bai daku ba. Zuciyar da aka daɗe ana kunna ta a haka tana iya buɗewa ta yi rauni. Ba kowa ba, kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma na waɗanda suka dogara da na'urar sosai. Sauran suna zaune lafiya shekara da shekaru. Amma ba ka san a wane layi naka zai faɗa ba.

Abin da ake nufi da kunna zuciya bisa tsarinta na halitta shi ne a gyara wannan. Hanya uku ce. Ta farko, a sa waya biyu a ƙasa, ɗaya a ɗakin dama, ɗaya ta bi wata jijiya ta bayan zuciya ta kwanta a jikin ɗakin hagu, a kunna su tare. Ita ake kira CRT, ita ce mai daɗaɗɗiyar hujja ga masu raunin zuciya sosai, kuma ita ta fi tsada. Ta biyu, a dasa waya a kan layin His ɗin kansa. Pramod Deshmukh da abokan aikinsa a Amurka suka fara ba da rahoton yin haka na dindindin a 2000. A takarda babu kamarta, don ka jona a babban layi ke nan. A aikace layin siriri ne, samunsa da wuya, yakan nemi wuta mai yawa har batir ya riƙa saurin ƙarewa. Ga mai sabon bawul kuma akwai ƙarin matsala da duk mai wayarin zai gane nan take: idan waya ta katse a gaba, jona wuta a bayan katsewar aikin banza ne. Raunin da canjin bawul ke yi yakan kasance a cikin layin His ɗin ko a gabansa kaɗan.

Ta ukun ita ce ta warware wannan. Wani likita ɗan ƙasar Sin mai suna Weijian Huang, a birnin Wenzhou, ya ba da rahotonta a 2017. Ana shiga ta ɗakin dama kamar yadda aka saba, amma maimakon a gangara ƙasa sai a tsaya a jikin bangon tsakiya, a murɗa wayar kamar sukuru ta nutse cikin bangon har ta kusa ɓullewa ta ɗaya gefen, inda reshen hagu ya shimfiɗu kamar tafin hannu. An tsallake wurin da ya katse, an jona a gaba. Wurin yana da faɗi, samunsa ya fi sauƙi, wutar da yake ci kaɗan ce. Likitoci suna taƙaita sunanta da LBBAP, ita da ta layin His a haɗe kuma CSP. Ka rubuta haruffan nan a takarda, su za ka nuna. A 2023 ƙungiyoyin likitocin bugun zuciya na Amurka, Asiya da Latin Amurka suka fitar da ƙa'ida ta musamman a kan waɗannan hanyoyi.

Tana da nata haɗarin. Waya tana iya zarce bango ta ɓulle cikin ɗakin hagu, sai a janye a sake wuri. Bangon da ya yi kauri ko ya yi tabo yakan ƙi karɓarta. Kuma hanya ce sabuwa, ba ta tara shekarun da tsohuwar ta tara ba. Ni dai a ganina, ga wanda kowane bugunsa zai fito daga batir, ta cancanci a tambaye ta da baki, ko ba a kawo maganarta ba.

Wanda aka canja wa bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan dama da na ƙarfe, lissafinsa daban ne, don ba a ratsa bawul ɗin ƙarfe da waya. Shi sai a bi ta jijiyar bayan zuciya, ko a ɗinka wayar a bayan zuciya tun lokacin tiyata. Idan naka irin wannan aikin za a yi masa, ka yi maganar kafin a rufe ƙirji.

Abin da na tambayi likita

Na shiga ofishinsa da tafinta da 'yar takarda a hannu. Na fara da cewa, kashi nawa cikin ɗari na bugun Yaya zai dogara da na'urar? Ya ce kusan duka. Wannan ita ce uwar tambayoyi. Wanda na'ura za ta riƙa taimaka masa jefi-jefi, ƙasa da kashi 20, kuma ƙarfin zuciyarsa yana nan, tsohuwar hanya ta ishe shi, kada a sa shi kashe kuɗin da ba dole ba. Daga kashi 20 zuwa 40 a sama ake fara jin tsoron raunin da na faɗa.

Sai na tambayi ƙarfin zuciyar. A takardar eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, akwai wata lamba da ake rubuta EF a gabanta, ita ke nuna kashi nawa na jinin ɗakin hagu ke fita a kowane bugu. Lafiyayye yana da 55 zuwa sama. Na Yaya 45 ne, ya riga ya fara gajiya tun kafin aiki. Daga 35 zuwa ƙasa maganar CRT ce ke gaba. Tsakanin 36 da 50, ga wanda zai dogara da batir, nan ne aka fi ba da shawarar kauce wa tsohuwar hanya.

Tambaya ta uku na yi ta da kunya, amma na yi: Likita, kai da hannunka ka saba yin wannan aikin? Idan waya ta ƙi kamawa me za ka yi? Bai ji haushi ba. Ya ce yana yi kowane mako, idan ta ƙi kuma yana da wayar CRT a ajiye a ɗakin. Wanda ya ɓata rai don ka yi masa wannan tambayar, ka yi tunani. Gwani a tsohuwar hanya ya fi ɗan koyo a sabuwa.

Ta huɗun ba a littafi na same ta ba, likitan zuciyar da ya tura mu daga Kano ne ya faɗa mini a waya: "Malam, ka tambayi kamfanin." Ashe kowane kamfani da kwamfutarsa ta duba na'ura. Ta Medtronic ba ta karanta ta Abbott, ta Boston Scientific ba ta karanta ta Biotronik. Idan aka sa maka wadda babu mai kwamfutarta kusa da garinku, duk dubawa sai ka yi doguwar tafiya. Ka kira likitan gida ka ji wacce yake iya dubawa kafin ka sa hannu. Ka kuma tabbatar akwatin da wayoyin duka irin waɗanda ake shiga na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI da su ne.

Ranar aiki da maganar warfarin

Aikin ba ya buƙatar a sumar da mutum. Allurar kashe zafi ce a ƙasan ƙashin wuya, yawanci ta hagu, a tsaga kamar tsawon ɗan yatsa, a yi wa akwatin aljihu a ƙarƙashin fata. Bai kai kwalin ashana kauri ba. Na Yaya ya ɗauki kusan sa'a biyu, waya ɗaya a ɗakin sama, ɗaya a bango.

Mai bawul ɗin ƙarfe yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har abada, kuma hankali zai ba ka cewa a dakatar da shi kafin a tsaga fata. Kada ka yi wannan da kanka. Wani babban bincike da aka buga a 2013 ya nuna waɗanda aka bar su a kan warfarin kashi 3.5 ne suka tara jini mai yawa a aljihun, waɗanda aka mayar kan allurar heparin, wadda ita ma ke hana jini daskarewa, kuwa kashi 16. Likita ne zai duba INR, gwajin da ke nuna yadda warfarin ya tsinka jini, ya tsara.

Da aka fito, likita ya ajiye mini takardun ECG biyu gefe da gefe. Akwai tsinin da ake kira QRS, faɗinsa ke nuna tsawon lokacin da wuta ta ɗauka ta game ɗakunan ƙasa. Ana auna shi da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ƙasa da 120 ake so. Tsohuwar hanya takan ba da 150 zuwa sama. Na Yaya ya fito 114. Ka nemi kwafin wannan takardar, da katin na'urar mai lambobin akwati da wayoyi, da bayanin inda aka dasa wayar ƙasa. Ka ɗauke su hoto a waya, ka tura wa mutum biyu a gida.

Bayan an dawo gida

Mako huɗu zuwa shida na farko, hannun gefen da aka yi aikin ba ya wuce kafaɗa, ba ya ɗaukar kaya, ba a jan mutum da shi a tashe shi. Kabbara iya kafaɗa ta isa. Yaya ya yi kwanaki yana sallah a zaune, dama ƙirjin da aka tsaga bai warke ba. Amma kada a naɗe hannun a ajiye kamar karaya, kafaɗa za ta sandare. Ciwon kuma kada ruwa ya taɓa shi sai likita ya ba da izini.

Abin da ya fi ba ni tsoro a garinmu shi ne taimakon 'yan uwa. Wurin ya ɗan kumbura, wani ya ce a kai kemis a zuƙe jinin da sirinji. A'a. Allura ɗaya ta isa ta shigar da ƙwayar cuta, ta bi waya har cikin zuciya, ta sauka a kan sabon bawul, kuma maganin wannan sau da yawa sai an cire komai. Haka wanzami da ƙaho, mai shan warfarin ya yi sallama da su. Zazzaɓi ma ya tashi daga "maleriya ce da taifot". Idan ya wuce kwana biyu, ko wurin ya yi ja, ya yi zafi, ko yana ruwa, asibiti za a je a ɗebi jini a gwada ko ƙwayar cuta za ta tsiro a ciki kafin a fara kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta. Flagyl da Septrin suna hauhawar da INR, diclofenac da ibuprofen suna jawo zubar jini, duk kuwa ana sayar da su kamar alawa. Zogale da alayyafo ba a hana ba, a dai ci daidai yadda aka saba, kada yau a cika kwano gobe a daina.

Ku san lambar da aka saita na'urar a kai. Ta Yaya 60 ce. Na koya wa babbar 'yarsa ƙirga bugu a wuyan hannu minti guda cur. Idan ya sauka ƙasa da lambar, ko aka ga jiri, suma, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, tsokar ƙirji tana harbawa, numfashi yana gaza ko ƙafa tana kumbura, ba a jira gari ya waye.

Ta ɓangaren sana'ata kuwa, firji, talabijin, dutsen guga, duk babu komai. Wayar hannu ta yi nesa da akwatin da santimita 15, a amsa kira da ɗaya kunnen. Janareta idan yana aiki a ba shi tazarar tsawon hannu, kada a sunkuya a kansa, haka injin mota idan an buɗe bonet. Wurin walda da gindin tiransifoma a bar wa masu shi. Na hana shi shiga shagona idan ina gwada injin ruwa, ya ce ƙanin bayansa ya zama uba. Ƙofar banki da ta filin jirgi a wuce kai tsaye ba a tsaya a ciki ba, a nuna kati, a ce kada mai sandar bincike ya ajiye ta a kan ƙirji.

Dubawar farko cikin makonnin farko ake yin ta, daga nan duk wata shida zuwa shekara, tare da eko lokaci-lokaci don a ga ko EF yana nan. Batirin yakan kai shekara takwas zuwa goma sha biyu, idan ya ƙare akwatin kaɗai ake canjawa a bar wayoyin. A dubawarmu ta bayan nan kwamfuta ta nuna kashi 99 na bugun ƙasa daga na'ura yake fitowa, EF kuma ya hau 52.

Aljihun gaba ne ya fi ba mu wahala. Shekara talatin hannunsa ya saba jefa wayar hannu can, daidai kan akwatin, ana faɗa yana mantawa. Da matarsa ta gaji, sai ta kwashe rigunan ta aika wa tela ya ɗinke bakin aljihun duka, sabbin ɗinkin sallah kuma ta ce a yi su da na gefe kawai.